Yadda Ɗan Kaduna Zai Karanta Hasashen Yanayin Gaɓar Teku a Ƙarshen Bazara

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da manomin Kaduna yake gyaran gona yana jiran ruwan shuka, damina ta riga ta kankama a Legas, Warri, Fatakwal da Kalaba. Duk wanda harka za ta kai shi can a wannan tsakanin, direban tirela ne da ya ɗauko masara daga Saminaka, ko mai citta daga Kachia, ko ɗan kasuwar da zai je Apapa fito da kaya, ko matashin da aka tura yi wa ƙasa hidima, yana bukatar ya iya karanta hasashen yanayin wurin da idon wurin. Abin da aka fi yi shi ne a buɗe waya, a ga an rubuta digiri 36 a Kaduna, an rubuta 32 a Legas, sai a ce ai can ya fi sauƙi. Wannan lambar ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da hasashen ya ƙunsa. Abubuwan da za su taɓa jikinka da kayanka su ne danshin iska, zafin dare, lokacin da ruwa zai sauko, da kuma ko ruwan da ya sauko zai sami hanyar wucewa.

Ka fara da fahimtar dalilin bambancin, domin wanda ya san dalili ba ya bukatar haddace komai. Iska biyu ce take juya yanayin Najeriya: busasshiya mai tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, wadda take kawo mana hunturu, da mai danshi da take tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana matsawa arewa sannu a hankali tun daga farkon shekara, har ta kai can cikin hamada a watan Agusta, sannan ta juyo. A ƙarshen bazara wannan iyaka ba ta daɗe da wuce Kaduna ba, shi ya sa ruwanmu yake zuwa yana ɗaukewa, amma ta bar gaɓar teku a baya da nisa, garuruwan can sun nutse cikin iska mai ɗauke da tururin ruwa daga ƙasa har sama. Ƙari a kan haka, ruwan Mashigin Tekun Gini yana kai ƙarshen ɗuminsa a wajen Maris da Afrilu, kusan digiri 28 zuwa 29, don haka iskar da take fitowa daga kansa ba ta kawo wani sanyi na a zo a gani, danshi take ƙarawa. Kaduna kuwa tana kan tudu na kimanin mita 600 daga doron teku, kuma wannan tsayin yana daga cikin dalilan da dare yake ɗan sassauta mana ko da rana ta yi zafi.

Mataki na farko na shiri ana yin sa ne tun kafin a sa ranar tafiya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina na shekara a farkon kowace shekara, galibi a Janairu ko Fabrairu, kuma akan samar da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa. A ciki za ka nemi jihar da za ka je, ka duba abu uku: lokacin da ake sa ran damina za ta zauna, yawan ruwan da ake hasashe idan aka kwatanta da yadda aka saba, da abin da aka ce game da zafi. Ka lura cewa ranar zaman damina ba ita ce ranar ruwan farko ba, ana nufin lokacin da ruwa zai riƙa zuwa a kai a kai har ya isa shuka. A jihohin Bayelsa, Ribas da Akwa Ibom wannan yakan kama tun ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, Legas ta biyo baya kaɗan, mu kuwa sai cikin Mayu. Idan aka ce ruwan bana zai haura na al'ada, ka tuna al'adar wurin ake nufi. Kaduna tana samun kimanin milimita 1,200 a shekara, Legas tana haura 1,500, Fatakwal ta fi 2,000 nesa, Kalaba kuwa tana kusantar 3,000. Shekarar da aka kira mai ƙarancin ruwa a Kalaba ta fi ta Kaduna mai yawan ruwa. Hukumar NIHSA, mai lura da koguna da ambaliya, ita ma takan fitar da hasashen ambaliya na shekara, inda take lissafa ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari, kuma yana da kyau mai kama shago ko sito ya leƙa shi kafin ya biya kuɗin haya.

Hasashen shekara ba zai gaya maka ko za a yi ruwa ranar Talata ba. Amfaninsa shi ne zaɓen mako da zaɓen irin kayan da za a ɗauka. A Legas ruwa yana ƙaruwa daga Afrilu zuwa Mayu, ya kai ƙololuwa a Yuni, watan da shi kaɗai yakan haura milimita 300, sannan ya ɗan lafa a wajen Agusta, daidai lokacin da namu yake kan ganiyarsa. Wanda yake da zaɓi tsakanin makon farko na Mayu da na ƙarshe, ya ɗauki na farko.

Sai hasashen kwana uku, wanda NiMet take fitarwa a kai a kai kuma kafafen labarai suke ɗauka, da kuma manhajojin da ke cikin waya. A nan ne ake bukatar natsuwa. Ka fara neman lambar danshin iska, wadda ake rubutawa da kashi cikin ɗari. Jikin mutum yana huce zafi ne idan gumi ya bushe a kan fata, kuma gumi ba ya bushewa sai iska tana da wurin karɓar tururi. A Kaduna cikin Maris ko farkon Afrilu, idan zafi ya kai digiri 36 danshi kuma yana kashi 25, abin da jiki yake ji ba ya wuce 36 ɗin, kuma da ka shiga inuwar mangwaro ka sami sauƙi. A Legas, digiri 32 da danshi kashi 70 jiki yana jin su tamkar digiri 40 ko sama da haka kaɗan, inuwa kuma ba ta rage komai sai hasken rana. Yawancin manhajoji suna nuna wannan lamba ta biyu, ta zafin da jiki yake ji, a ƙarƙashin babbar lambar da ƙananan haruffa, kuma ita ce ya kamata idonka ya fara sauka a kai. Wanda bai taɓa zuwa ba ya tuna zufar da ake yi a Kaduna awa ɗaya kafin hadari ya sauko, lokacin da iska ta tsaya cik riga ta manne a baya. A gaɓar teku haka ake wuni, haka kuma ake kwana.

Zafin dare shi ne lamba ta gaba, kuma a ganina shi ne wanda baƙo ya fi rainawa. A wannan lokacin mafi ƙarancin zafi a Legas da Fatakwal yakan tsaya tsakanin digiri 23 da 26, da danshin da yake haura kashi 85 kafin asuba. Jikin da ya sha wahala da rana bai sami hutu da dare ba yana tara gajiya, kuma a kwana na uku ko na huɗu ne ake fara ganin ciwon kai, kasala da saurin fushi. Saboda haka, wajen neman masauki ka fifita ɗakin da yake da taga biyu masu fuskantar juna a kan ɗakin da yake da kyan fenti, ka tambayi yadda wutar lantarki take a unguwar, ka tanadi fanka mai caji. Idan za a kunna janareta, a ajiye shi a fili nesa da taga ko da ana ruwa, domin shigar da shi baranda ko kicin don gudun jiƙewa ya sha hallaka iyali guda cikin barci.

Game da ruwan sama, lambobi biyu ake bayarwa kuma ana yawan cakuɗa su. Idan aka rubuta kashi 60, ma'anarsa ita ce a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayin, kimanin shida ake samun ruwa a wurin. Lambar ba ta faɗi ƙarfin ruwan ba, ba ta kuma faɗi tsawon lokacinsa ba. Wanda yake faɗin yawa shi ne milimita: milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Milimita 5 yayyafi ne da lema za ta tare, 20 zuwa 30 cikin awa ɗaya ko biyu ta isa ta cika kwata ta hau titi a unguwar da magudananta suka toshe, 50 zuwa sama kuwa ranar da ya kamata a ɗage duk abin da za a iya ɗagewa ce. Kada hoton gajimare da walƙiya da manhaja take jerawa a kan kwana goma ya tsorata ka ko ya yaudare ka. Ruwan tsawa na wurare masu zafi abu ne na yanki ƙarami, ana iya shan ruwa a Ikeja alhali Lekki ƙura take tashi, kuma abin da aka hasasa bayan kwana uku ko huɗu kusan maimaita al'adar watan ne kawai. Ka dogara da na yau da na gobe, ka sake dubawa kowace safiya.

Idonka ma yana da aiki, kuma a nan ɗan Arewa ba baƙo ba ne. Manyan hadura na farkon damina a kudu daga gabas suke tasowa su nufi yamma, daidai yadda muka sani a gida. Alamominsu su ne baƙin da yake haɗuwa a gabas, tsayawar iska, sannan wata iska mai sanyi da ƙarfi da take iso kafin ɗigon farko. Wannan iskar ce take yaye kwano, ta karya reshe, ta kayar da allon talla, kuma tsakaninta da saukar ruwa mintoci ne kaɗan. Da ka ji ta, ka bar ƙarƙashin bishiya da wayoyin lantarki, ka shiga gini ko mota mai rufi. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ce, kuma duk abin da bai kai daƙiƙa 30 ba yana nufin aradu tana iya sauka inda kake. Abin da ya bambanta da namu yana bayyana ne daga ƙarshen Mayu, lokacin da ake fara samun ruwan da yake shigowa daga wajen teku ba tare da iska ko tsawa mai yawa ba, ya fara da asuba ya zarce har azahar. Mu mun saba da cewa a fake a jira ya ɗauke. Irin wannan ba a jiransa, sai dai a canza tsarin ranar.

Akwai wani abu da ba ya cikin lissafin mutumin Kaduna ko kaɗan, wato cikar teku da janyewarta. Ruwan teku yana hawa yana sauka sau biyu a yini, kuma hawan yana kai matuƙa sau biyu a wata, a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida lokacin da ya cika. Unguwanni irin su Victoria Island, Ikoyi, Lekki da Ajah ba su ɗara doron teku da wani abin kirki ba, magudanansu kuma a tafkin Legas suke zuba. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauko a daidai lokacin da teku ta cika, magudanan ba su da inda za su juye, sai ruwa ya tsaya a titi har teku ta janye. Wannan ne ya sa ruwa iri ɗaya yake wucewa lafiya a wani mako, a wani makon kuma ya shiga gidaje. Wanda ya saba bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: idan hasashe ya nuna ruwa mai yawa, ranar kuma ta faɗo farkon wata ko tsakiyarsa, ya guji sa alƙawari a waɗannan unguwanni, ya yi harkokinsa na ɓangaren Ikeja da Agege waɗanda suka fi tudu. Masu shiga jirgin ruwa daga Ikorodu, ko daga Fatakwal zuwa Bonny, ko daga Kalaba zuwa Oron, su zaɓi tafiyar safe, su sa rigar ceto su ɗaure ta, kuma kada su shiga idan gabas ta yi baƙi, ko da direban jirgin ya ce zai riga hadarin isa.

Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi mai danshi, don haka aikin ƙarfi, kamar sauke kaya ko yawon kasuwa, a yi shi da sassafe a kwanakin farko. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo, a riƙa duba launin fitsari, idan ya yi duhu to ruwan jiki ya yi ƙasa. Wanda ya wuni yana zuba gumi yana asarar gishiri, kuma haɗin da aka sani yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon koda ko ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya mayar da shi abin sha. Idan abokin tafiya ya fara jiri, ya rikice yana magana ba kan gado, ko ya faɗi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti ba tare da jiran ya farfaɗo ba. Shadda mai sitaci da yadin roba a bar su a jaka sai ranar Juma'a ko taro, a yi yawo da auduga mara nauyi. Gidan sauro wajibi ne, kuma a kula da ruwan sha da abincin bakin titi bayan ambaliya, domin ruwan kwata yana shiga rijiyoyi da fasassun bututu. Ɓarkewar amai da gudawa da aka yi a Legas a Yunin 2024 a irin wannan lokacin ta zo.

Kaya kuwa sun fi mutum shan wahala, saboda ba sa kuka sai an buɗe. Hatsin da ya bushe ƙarau a rumbun Giwa ko Saminaka yana fara tsotsar danshi daga iska tun daga ranar da ya isa. Masara tana zama lafiya idan danshin cikinta bai wuce kashi 13 zuwa 14 ba, da ya haura kuma sai fumfuna ta kama, kuma wata fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai illa ga hanta, wadda kan sa kamfanoni su ƙi karɓar kaya. Ka shiga sito ka zura hannu tsakanin buhu biyu na tsakiyar jeri: idan ka ji ɗumi, ko ka shaƙi wani wari mai kama da na tsohon ɗaki, ko ka ciji ƙwaya ta lotsa maimakon ta fashe da ƙara, kayan sun fara juyawa. Maganin shi ne a ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango, a bar hanyar iska tsakanin jeri da jeri, kuma kada a kawo fiye da abin da za a iya sayarwa cikin ɗan lokaci. Busasshiyar citta, barkono da kuka duk haka suke. A kan hanya, tamfol ya rufe sama da gefe ba tare da ya shaƙe kayan ba, domin tamfol da aka ɗaure tamau a rana yana tara gumi a ciki, ruwan ya riƙa ɗiga kan buhunan sama ko da ba a yi ruwan sama ba. Tumatir da tattasai masu nufin kasuwar Mile 12 ta Legas su ne suka fi rauni: kwana ɗaya na ƙarin tsayuwa a cunkoso cikin wannan zafin ya isa ya mayar da ƙasan kwando ruwa. Takardun kaya, waya da kuɗi a sa su cikin leda mai rufi, takalmin fata kuma kada a bar shi a rufe cikin jaka, don kafin mako ya zagayo zai yi fari.

Masu kai ragunan layya su ƙara lura, domin Babbar Sallah ta shigo wannan zangon: ta 2025 ta kama farkon Yuni, kuma kowace shekara tana ja baya da kimanin kwana 11. Ragon da ya tashi a busasshiyar ƙasa, idan aka tsayar da shi cikin taɓo a kasuwar dabbobi irin ta Kara, kofatonsa yana ruɓewa, sanyin jiƙewa kuma ya sa masa tari. A nemi wuri mai tudu da rumfa tun kafin mota ta tashi, a rufe dusa da harawa, a kuma rage yawan dabbobin da ake cusawa a mota ɗaya.

Hanya ita ma tana da nata hasashen, kuma ba na inda za ka sauka kaɗai za ka duba ba. Ko ta Abuja da Lokoja za a bi, ko ta Mokwa, Jebba da Ilori, motar za ta ratsa yankunan da damina take sabuwa, inda ruwa mai ƙarfi yake sauka kan ƙasar da ba ta gama jiƙa ba. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa a jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025 ta hallaka fiye da mutum 150, ta lalata gada, ta tsayar da motocin kaya tsakanin Arewa da Kudu. Saboda haka a duba hasashen Minna, Lokoja, Ilori da Ibadan tare da na Legas. Idan ruwa ya rufe titi, kada a gwada shi da ido: ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma a ƙarƙashinsa ba a ganin kwalbatin da ya rufta ko kwatar da ba ta da murfi. Mai tafiya ta jirgin sama ya zaɓi tashin safe a Afrilu da farkon Mayu, saboda hadarin tsawa ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare, kuma kada ya sa muhimmin alƙawari a ranar da zai sauka.

Bayan duk waɗannan, da safiyar ranar lodi a kira mutumin da yake can. Tambayar "yaya gari?" ba ta wadatar ba, domin amsarta "lafiya lau" ce ko da ruwa ya kai gwiwa. A yi tambaya dalla-dalla: "Alhaji, jiya an yi ruwa? Ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya ɗauke? Ya shiga layin sito? Motocin da suka iso shekaranjiya sun gama saukewa, ko suna kan layi?" Idan ya ce ruwa ya kwana a bakin kasuwa kuma akwai motoci a gabanka, hasashen gobe kuma ya nuna milimita 30 ko fiye, to hatsi zai iya tashi da tamfol mai kyau, amma kayan gwari gara su ƙara kwana a gona ko a karkatar da su Abuja.